Dashen Haƙori Zai Jira Haihuwa, Ruɓaɓɓen Haƙori Ba Zai Jira Ba

Tun da asibitocin haƙori a manyan biranenmu suka fara yin dashen haƙori, kuma masu hali suka riƙa zuwa Alƙahira da Dubai da Indiya da Turkiyya domin a yi musu, wata tambaya ta taso wadda kakanninmu mata ba su taɓa bukatar yin ta ba: shin ana iya dasa wa mai juna biyu haƙori? Ra'ayina shi ne ta dakata har Allah Ya sauke ta lafiya. Sai dai in na yi shiru a nan, amsar za ta iya yin ɓarna fiye da gyara, domin kunnen da ya ji an ce a dakata da dashe, sau da yawa abin da yake kaiwa gida shi ne mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori kwata-kwata. Wannan fahimta ta biyu ita ce ke jefa mata cikin haɗari na gaske. Saboda haka ina so mu bi zancen a hankali, mu ga dalilin da ya sa ake jinkirta wannan aiki guda, alhali sauran ayyukan bakin mai ciki ba a yarda a jinkirta su ba.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin mutane da yawa suna haɗa shi da haƙorin Makka ko haƙorin roba. Haƙorin Makka hula ce ta zinariya ko azurfa da ake sanyawa a kan haƙorin da yake nan daram. Haƙorin roba kuwa ana sa shi a cire, ba ya taɓa ƙashi. Dashe aikin tiyata ne. Likita zai kashe wurin da allura, ya tsaga dasashi, ya ɗaga shi har ƙashin muƙamuƙi ya bayyana, sannan ya huda ƙashin da ɗan siririn abin huji, yana canza shi da wanda ya fi shi kauri kaɗan-kaɗan, ruwan gishiri mai sanyi yana zuba a wurin don kada ƙashin ya ƙone. In ramin ya kai gwargwadon da aka auna, sai a murɗa wata 'yar ƙusa mai zare ta ƙarfen taitaniyom a ciki, a mayar da dasashi a ɗinke. Daga nan sai jira, yawanci wata 3 zuwa 6, har ƙashi ya tsiro ya rungumi ƙarfen, kafin a ɗora haƙorin da ido ke gani. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya lura a shekarun 1950 cewa taitaniyom da ya sa a ƙashin ƙafar zomo ya manne har ya ƙi ciruwa, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gotenbag. Tun daga lokacin aikin ya bunƙasa, har ya zama fiye da 90 cikin 100 na haƙoran da ake dasawa suna kaiwa shekara 10 suna aiki. Aiki ne mai kyau, kuma ba na cikin masu kushe shi.

Adalci ya sa in faɗi abin da ba shi ne dalilin jira ba. Ƙarfen kansa ba guba ba ne ga ɗan tayi. Akwai mata bila adadin da suka yi ciki suka haihu lafiya da taitaniyom a bakinsu ko a ƙashin ƙafarsu. Allurar kashe wuri da likitocin haƙori suka fi amfani da ita, wato lidoken, an daɗe ana yi wa masu ciki. Hoton haƙori ma, wanda mata suka fi tsoro, hasken da yake kaiwa ga mahaifa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, domin na'urar baki take kallo, kuma adadin bai kai ko kusa da matakin da masana suka san yana cutar da ɗan tayi ba. A 2013 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da matsaya a rubuce cewa hoton haƙori da allurar kashe wuri ba su da laifi ga mai ciki, kuma duk aikin da ke bukatar gaggawa, kamar cire haƙori ko ciko ko wanke jijiyar haƙorin da ta ruɓe, ana iya yin sa a kowane wata na ciki. Wanda ya ce wa mai ciki allura ɗaya a dasashi za ta zubar mata da ciki, bai faɗi abin da ilimi ya tabbatar ba.

To a nan ne mai kaifin tunani zai tare ni. Zai ce, malam, ka ce ƙarfe lafiya, allura lafiya, hoto lafiya, har cire haƙori ka halatta, wanda shi ma jini ake zubarwa. Me ya rage da zai hana dashe? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma amsarta tana cikin yadda likitanci ke auna kowane aiki. Ba a tambayar ko aiki yana da haɗari, domin babu wanda ba shi da shi ko da ƙanƙani ne. Abin da ake tambaya shi ne, me za a samu in an yi, me za a rasa in an bari. Haƙorin da ya ruɓe ya tara mugunya, in aka bar shi, cutar tana bazuwa, zazzaɓi ya tashi, mace ta kasa ci ta kasa barci. A nan ɗan haɗarin da ke cikin cirewa bai kai ko kusa da haɗarin barinsa ba. Giɓi kuwa, wurin da haƙori ya riga ya fita ya warke, ba ya ruɓewa, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya taɓa ɗan da ke ciki. In aka yi dashe yau ko aka yi shi bayan wata 8, haƙori iri ɗaya za a samu. Ke nan an ɗauki haɗari, komai ƙanƙantarsa, a kan rai biyu, ba tare da an sayi komai da shi ba sai gaggawa.

Kuma haɗarin ba a ranar aikin yake zaune ba, yana cikin kwanakin da ke biyo baya. Bayan an huda ƙashi, wurin yakan kumbura ya yi zogi, kuma magungunan da suka fi kwantar da irin wannan ciwo su ne dangin ibufurofen da daikulofenak. Waɗannan kuwa su ne ainihin waɗanda ake hana mai ciki. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan su daga mako na 20 zuwa sama yana iya taɓa ƙodar ɗan tayi har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, kuma tun kafin nan an san cewa a watannin ƙarshe suna iya rufe wata jijiyar jini kusa da zuciyar jariri kafin lokacin rufuwarta. Abin da ya rage wa mai ciki shi ne farasitamol, wanda wani lokaci ba ya isa. Yanzu ku dubi yadda muke rayuwa a nan. Mace ta dawo gida da ɗinki a baki, dare ya yi, zogi ya hana ta sakat, sai a aiki yaro kemis ya ce a ba shi maganin ciwon haƙori mai ƙarfi. Mai kemis bai ga matar ba, bai san tana da ciki ba, zai ƙulla ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, kuma da wuya a rasa ɗaya daga cikin waɗanda na ambata. In wurin ya kamu da ƙwayar cuta, amoksisilin yana da aminci ga mai ciki, amma in bai yi aiki ba ko jikinta ba ya karɓarsa, zaɓin da ya rage ya ƙuntata, domin dangin tetarasaikilin suna ɓata launin haƙoran jaririn tun yana ciki. Likitan da zai yi wa mace aiki yana so ya kasance duk makamansa suna hannunsa in abu ya ɓaci, ciki kuwa yana karɓe masa rabinsu.

Sai batun dasashi kansa, wanda a ganina shi ne dalilin da ya fi shafar nasarar aikin. Sinadaran jikin mace da ke hauhawa lokacin ciki suna sa dasashi ya yi laushi, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini da an goga buroshi ko aswaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 60 zuwa 75 cikin 100 na masu juna biyu suna samun wannan kumburin dasashi. Wasu har wani jan tsiro yake fito musu tsakanin haƙora, mai saurin fashewa da jini, wanda yawanci yakan lafa da kansa bayan haihuwa. Ƙusar da aka dasa tana bukatar dasashi lafiyayye ya kewaye wuyanta ya toshe wa ƙwayoyin cuta hanya, kamar yadda ba a kafa ginshiƙi a ƙasar da ruwa bai gama tsanewa ba. Ƙara da laulayi: matar da take amai safe da yamma, ruwan ciki mai tsami yana wanke sabon ɗinki, warin man goge baki ma yana tayar mata da zuciya, ta yaya za ta tsaftace wurin yadda ake bukata? In kuma ciwon suga na masu ciki ya shigo, warkewar rauni takan yi nawa. Dashe aiki ne mai tsada ƙwarai, kuma mai son kuɗinsa ya yi amfani ba zai zaɓi watannin da bakin ya fi kowane lokaci rauni ba.

Wani zai ce ai akwai tsakiyar ciki, daga wata na 4 zuwa na 6, lokacin da likitocin haƙori da kansu suke cewa ya fi dacewa da aiki. Gaskiya ne. A watanni ukun farko ake halittar gaɓoɓin ɗan tayi, kuma a cikinsu ne mafi yawan ɓari ke faruwa, galibi saboda dalilan da ba su da alaƙa da abin da uwa ta yi. Matar da aka yi wa dashe a mako na 8 ta yi ɓari a mako na 10, ko da aikin ba shi da hannu, za ta daɗe tana zargin kanta, dangin miji kuma ba za su rasa abin faɗi ba. Wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora mata a kan abin da zai iya jira ba. A watannin ƙarshe kuma, kwanciya rigingine a kujerar likita tana sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya kama mace, gumi ya karyo, jininta ya sauka. Shi ya sa ake sa mata matashi a ƙarƙashin ƙugun dama don ta karkata hagu, a kuma gajarta zaman. Tsakiyar ce ta rage. Amma wannan 'yar taga an ware ta ne domin abin da ake bukata: wankin haƙori, ciko, cire wanda ya lalace. Dashe ba zama ɗaya ba ne. In an sa ƙusa a wata na 5, watannin da ƙashi zai kama ta za su faɗa cikin tsohon ciki da naƙuda da jego, daidai lokacin da mace ba ta da sararin zuwa a duba ta, kuma in matsala ta taso a wata na 9, an shiga abin da ake gudu.

Akwai kuma bambanci a ƙarfin hujja da ya kamata a sani. Wankin dasashi an gwada shi a kan masu ciki gwaji na ƙa'ida. A 2006 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga binciken da aka yi a kan mata 823 masu ciwon dasashi, inda aka yi wa rabinsu wanki mai zurfi kafin mako na 21, aka bar rabin sai bayan haihuwa. Sakamakon ya nuna wankin bai cutar ba kuma dasashinsu ya samu sauƙi, ko da yake bai rage haihuwar bakwaini ba kamar yadda aka yi fata. Wannan shi ne irin tabbacin da likita ke dogara da shi ya ce wa mace zauna in yi miki. Dashe ba shi da irin wannan gwaji a bayansa, domin kwamitocin da ke ba da izinin bincike ba sa barin a yi wa masu ciki tiyatar da ba dole ba don kawai a ga abin da zai faru. Duk wanda ya ce miki an tabbatar dashe lafiya ne a cikin ciki, ya wuce inda hujja ta tsaya.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na ƙashi. Idan haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi yakan fara zaizayewa, kuma mafi yawan zaizayar tana faruwa ne a watannin farko. A cikin shekara guda faɗin wurin yana iya raguwa da kusan rabi. To ashe jira ba asara ba ne? Ga wadda giɓinta ya shekara biyu ko uku, abin da zai zaizaye ya riga ya zaizaye, wata 6 ba za su canza komai ba. Ga wadda aka cire wa haƙori tana cikin cikin nan, e, za ta rasa wani abu na ƙashi, amma wannan asara ce da ake gyarawa: likita yana iya ƙara ƙashi a wurin daga baya, aiki ne da aka saba yi kullum. In giɓin na gaba ne kuma yana hana ta sakewa cikin mutane, a wurin biki ko wurin aiki, wannan damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Haƙorin roba na wucin gadi yana rufe wurin, yana hana na kusa da shi karkacewa, kuma yin sa ba ya bukatar allura ko wuƙa, gwada baki kawai ake yi.

Sannan ga wani ƙorafi da ya fi shafar mu fiye da Turawa. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna mace a arewa maso yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da 6 a matsakaici, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya. Matar da take fita daga goyo ta shiga ciki tana da haƙƙin tambaya, to ni yaushe? Amsar tana da sauƙi fiye da yadda ake zato: shayarwa ba ta hana dashe. Lidoken da farasitamol da amoksisilin duk sun dace da mai shayarwa, ibufurofen ɗin da aka hana ta da ciki ma ya halatta gare ta bayan ta haihu. In ta gama arba'in, jininta ya dawo, dasashi ya lafa, ta samu wanda zai riƙe mata jariri na 'yan sa'o'i, sai a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kuma wannan tazara ta ishi dashe daga hudawa har ɗora haƙori. Masu tafiya waje su ne nake ji wa tsoro: an sayi tikiti, an kama masauki, kwana 10 kacal ake da su, sai ga gwaji ya nuna ciki. A irin wannan hali jarabar ɓoye wa likita tana da ƙarfi. Ina roƙon 'yan'uwa mata da mazajensu, kada a ɓoye. Ko wata ɗaya aka yi ɓatan wata, a faɗa tun kafin a hau kujera.

Yanzu in koma kan abin da ya fi damuna, domin masu neman dashe 'yan kaɗan ne, masu fama da ciwon haƙori da ciki kuwa suna kowace unguwa. Mace za ta yi makonni tana danna kanumfari a ramin haƙori, tana kurkure baki da ruwan gishiri, an ce mata ta yi haƙuri sai ta haihu, wai ɗan ne yake shan ƙashin haƙoranta. Ɗan tayi ba ya zuƙe sinadarin haƙorin uwa. Abin da ke lalata haƙoran mai ciki shi ne tsamin amai, da yawan lasar kayan zaƙi, da kumburin dasashin da aka ƙyale. Ruɓar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, haɓa ta kumbura ta yi tauri, harshe ya tashi sama, numfashi ya fara gagara. Sassan tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato, an tanade su ne domin irin wannan, amma an fi son mace ta zo tun ciwon yana cikin haƙori. Mai ciki da ta ga kumatunta ya kumbura, ko bakinta ya ƙi buɗuwa sosai, ko haɗiyar yawu ta yi mata wuya, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon haƙori, ranar za a kai ta asibiti, ko da dare ne. Maigida, wannan ba abin da za a jira albashi ba ne. Ma'aikatan awon ciki kuma, ina ganin lokaci ya yi da tambayar lafiyar baki za ta shiga cikin abin da ake yi wa kowace mace tare da awon jini da na fitsari. Wadda amai ya dama, ta kurkure bakinta da ruwa, ko da ƙaramin cokali na bekin soda a kofin ruwa, ta ɗan jinkirta goge baki, domin goge haƙori nan take bayan amai yana kankare bayansa da tsami ya riga ya tausasa.

Saura wadda aka riga aka sa wa ƙusa, bayan mako biyu ko uku ta gane tana da shigar ciki. Hankalinta ya kwanta. Ba a cire ƙusar, domin cirewar wata tiyatar ce ta biyu marar dalili, kuma allura da hoton da aka yi mata ba abin da zai sa ta fargaba ba ne. Ta sanar da likitan haƙorin da kuma masu awonta, ta kai musu duk ƙwayoyin da aka rubuta mata su duba su canza wanda bai dace ba, ta riƙa tsaftace wurin da buroshi mai laushi, ta je a duba ta in an ba ta rana. Ƙusar da ƙashi ya kama tana iya zama a ƙarƙashin dasashi watanni ba tare da ta lalace ba. In abin da ya rage gwada baki ne da ɗora haƙorin sama, babu yanka, likitocinta biyu za su iya yarda a yi shi a tsakiyar ciki. In kuwa sai an sake tsaga dasashi ko an ƙara ƙashi, a bar shi sai bayan suna da arba'in.